DARASI NA TARA: HARSHE DA YAƘIN NEMAN ZAƁE A KAFAFEN SADA ZUMUNTA, NAZARI DAGA KUDANCIN BIRNIN KADUNA

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an tattauna a kan matsayin harshen Hausa a jaridu da gidajen rediyo da talabijin. Wannan darasi zai ɗora daga nan, ya dubi wata kafa wadda ba ta da edita, ba ta da lokacin buɗe tasha ko na rufewa, kuma duk mai riƙe da wayar salula ma'aikacinta ne. Wannan kafa ita ce ake kira kafafen sada zumunta. Za a dubi yadda 'yan siyasa suke sarrafa harshe a cikinta domin neman ƙuri'a, da kuma iyakar tasirin da hakan yake yi a kan mai zaɓe. An zaɓi unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna a matsayin farfajiyar nazari, saboda wuri ne da ya tara al'ummu masu harsuna da addinai daban-daban, waɗanda Hausa take cikin manyan harsunan da suka haɗa su.

2.0 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar kafafen sada zumunta da yaƙin neman zaɓe;
(b) kawo tarihin shigowar waɗannan kafafe cikin siyasar Nijeriya;
(c) fito da sigogin harshen da ake amfani da shi a saƙonnin siyasa;
(d) tantance irin tasirin da kafafen suke yi da wanda ba sa yi;
(e) tsara darasin da zai koya wa yara tace labari kafin yaɗa shi.

3.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafafen sada zumunta su ne dandalolin intanet waɗanda suke ba mutum damar ya ƙirƙiri saƙo na rubutu ko murya ko hoto ko bidiyo, ya aika wa jama'a, su kuma su mayar masa da martani nan take. Fitattu daga cikinsu sun haɗa da Facebook wanda aka kafa a 2004, da YouTube a 2005, da Twitter a 2006, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, da WhatsApp a 2009, sai kuma Instagram da TikTok da suka biyo baya. Babban abin da ya bambanta su da rediyo da jarida shi ne, a nan mai karɓar saƙo shi ma mai aikawa ne.

Yaƙin neman zaɓe kuwa shi ne duk wani yunƙuri da ɗan takara ko jam'iyya ko magoya baya suke yi domin shawo kan jama'a su ba su ƙuri'a. Ɗalibi ya lura da kalmar “yaƙi” da Bahaushe ya zaɓa. Daga cikinta ne aka sami “sojojin baka” da “kai farmaki” da “mayar da martani” da “shan kaye”. Wato dai tun daga sunan abin, Bahaushe ya nuna cewa fage ne na gwabzawa, kuma makamin da ake gwabzawa da shi shi ne harshe.

Halayyar mai zaɓe tana nufin abubuwa uku: ko zai yi rajista ya karɓi kati, ko zai fita ranar zaɓe, da kuma wanda zai dangwala wa idan ya fita.

4.0 Daga Dandali Zuwa Tafin Hannu

Neman goyon baya ta hanyar sarrafa harshe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, da ita da abokiyar hamayyarta NPC sun dogara ne a kan lacca a dandali da rubutattun waƙoƙi da mawaƙan baka. Da aka buɗe Gidan Rediyon Kaduna a 1962, sai muryar ɗan siyasa ta riƙa isa ƙauyen da ƙafarsa ba ta taka ba. Daga baya faifan kaset ya shigo, sannan gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda suka haifar da sojojin baka, wato mutanen da suke sayen fili ko a saya musu domin su yabi gwaninsu su kuma soki abokin hamayyarsa.

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001. Shekara tara bayan haka, a ranar 15 ga Satumba, 2010, Shugaba Goodluck Jonathan ya bayyana aniyarsa ta tsayawa takara a shafinsa na Facebook, shekara biyu bayan Barack Obama ya nuna wa duniya amfanin intanet a zaɓen Amurka na 2008. Sai dai a zaɓen 2011 saƙon tes ne ya fi yawo a hannun talaka. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu na wannan shekara ya ci rayukan mutane fiye da 800 a jihohin Arewa 12, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta, kuma Jihar Kaduna ce ta fi kowace jiha asara. Rahotanni sun nuna cewa saƙonnin tunzurawa da aka riƙa turawa ta waya sun taimaka wajen rura wutar.

Daga zaɓen 2015 ne kafafen suka zama fage na sosai. A 2018 jaridun Ingila suka bankaɗo cewa an yi hayar kamfanin Cambridge Analytica domin ya yi aiki a kan wancan zaɓe, kuma an yaɗa wani bidiyo mai ban tsoro da nufin firgita masu zaɓe game da Muhammadu Buhari. Duk da haka Buhari ne ya ci. Gabanin zaɓen 2019 aka baza jita-jitar cewa Buhari ya rasu, wai wani mutumin Sudan mai suna Jibrin ne yake zaune a madadinsa, har sai da shugaban ya fito da kansa ya ƙaryata a ƙasar Polan a watan Disamba na 2018. A watan Mayu na 2019 kuma kamfanin Facebook ya rufe shafukan bogi masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda aka yi amfani da su a kan siyasar wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya.

5.0 Farfajiyar Nazari: Kudancin Birnin Kaduna

Kogin Kaduna ya ratsa birnin ya raba shi biyu. A kudu da shi akwai unguwanni irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Talbishin, waɗanda suke cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, da kuma Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa da Unguwar Romi da Gonin Gora, waɗanda suke cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Ya kamata ɗalibi ya bambance wannan yanki da abin da ake kira Kudancin Kaduna, wato yankin su Kafanchan da Zonkwa da Kachia, ko da yake da yawa daga mazauna unguwannin can ne asalinsu.

Masana'antu ne suka tara jama'a a wannan yanki. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Fijo a 1975 da matatar mai a 1980. Ma'aikata suka zo daga ko'ina: Gbagyi masu masauki, da Hausawa da Fulani da Bajju da Atyap da Adara da Ham da Ibo da Yarabawa da Tibi da Idoma da sauransu. Hausa da Ingilishi da Buroka su ne suka zama harsunan kasuwa da tasha da masaƙa. Ana wa'azi da Hausa a masallaci, ana kuma yi da ita a coci.

Abubuwa biyu ne suka sauya fuskar yankin. Na farko shi ne durƙushewar masaƙu a farkon shekarun 2000, wanda ya bar dubban iyalai ba aikin yi. Na biyu shi ne rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da rikicin gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002. Bayan waɗannan rikice-rikice jama'a suka yi ta ƙaura, Kiristoci suka fi karkata zuwa kudu da kogi, Musulmi kuma zuwa arewa, ko da yake akwai unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da Nasarawa inda ake samun ɓangarorin biyu.

Muhimmancin wannan bayani ga darasinmu shi ne, mutum yakan gina zaurensa na WhatsApp da abokansa na Facebook ne daga maƙwabta da 'yan uwa da abokan ibada da abokan karatu. Idan unguwanni suka rabu, zaurukan ma sai su rabu. Ke nan mutum biyu da gada ɗaya ce tsakaninsu suna iya shafe watannin yaƙin neman zaɓe kowa yana jin labarin da ɗayan bai taɓa ji ba.

6.0 Yadda Saƙo Yake Tafiya

A 1940 wani masani mai suna Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun nazarci masu zaɓe a jihar Ohio ta Amurka. Sun gano cewa saƙon jarida da rediyo ba ya faɗawa kan jama'a kai tsaye. Yakan fara isa ga wasu mutane ƙalilan masu bibiyar labarai, su kuma su isar da shi ga waɗanda suka amince da su. Wannan shi ne ra'in tafiyar saƙo mai zango biyu. Ko da yake ra'in ya girmi intanet, ya dace ƙwarai da abin da ake gani a Kaduna, inda saƙon siyasa yakan bi waɗannan zanguna:

(a) Zangon ƙirƙira. A nan ne ma'aikatan ɗan takara suke tsara hoto ko bidiyo ko waƙa ko gajeren rubutu. Wani bincike da Cibiyar Dimokuraɗiyya da Ci Gaba, wato CDD, ta yi tare da Jami'ar Birmingham a kan zaɓen 2019 ya nuna cewa manyan jam'iyyu biyu sun tsara zaurukan WhatsApp hawa-hawa, daga matakin ƙasa zuwa jiha da ƙaramar hukuma.

(b) Zangon masu faɗa-a-ji. Waɗannan su ne masu ɗimbin mabiya: mawaƙa da 'yan fim da 'yan barkwanci da marubutan Facebook. A watan Janairu na 2023 wani binciken BBC ya gano cewa jam'iyyu suna biyan wasu daga cikin irin waɗannan mutane a asirce domin su yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya.

(c) Zangon zaure. Saƙo yakan faɗo cikin zauren dangi ko na tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar mata ta coci ko na kwamitin masallaci ko na 'yan kasuwa. A nan ne yake samun ƙarfinsa, domin wanda ya turo shi sananne ne. Mutum ba ya tuhumar yayarsa ko malaminsa da ƙarya.

(d) Zangon baka. Daga waya saƙo yakan sauka a majalisa da teburin mai shayi da cikin Keke Napep da wurin kitso. Da haka yake isa ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba. Sau da yawa kuma gidan rediyo yakan ɗauko abin da ake ce-ce-ku-ce a kansa a intanet ya mayar da shi batun shirinsa.

Saƙon murya da bidiyo suna da matsayi na musamman a wannan tafiya, domin sun kawar da shingen karatu da rubutu. Wanda bai iya karanta boko ba yana iya saurare, yana kuma iya turawa.

7.0 Sigogin Harshen Siyasa a Kafafen Sada Zumunta

7.1 Tsofaffin Dabaru a Sabon Fage

Mafi yawan abin da ake gani a waɗannan kafafe tsohon adabin baka ne ya sami sabon abin hawa. Akwai kirari da laƙabi, kamar “Mai Gaskiya” ga Buhari, da “Madugu” ga Rabi'u Musa Kwankwaso, da “Jagaba” ga Bola Tinubu. Akwai zambo, wanda a yanzu ake haɗa shi da hoton da aka jirkita. Akwai habaici, inda ake suka ba tare da kama suna ba, mabiya su ƙarasa sauran a wurin sharhi. Akwai yarfe, wato laƙaba wa abokin hamayya laifin da bai yi ba. Akwai kuma waƙa. Waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara, alal misali, sun yi tashe a zaɓukan 2015 da 2019 da 2023, kuma a zaɓen 2023 an riƙa yanko gutsattsarinsu ana ɗora su a kan gajerun bidiyoyi na TikTok.

7.2 Ƙirƙira da Aro da Faɗaɗa Ma'ana

Ta fuskar ginin kalma, Hausa tana amfani da ɗafa-ƙeyar “-iyya” wajen sanya wa tafiyar siyasa suna, kamar Kwankwasiyya da Buhariyya da Gandujiyya, bisa ƙirar sunayen ɗariƙu irin su Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Wannan ƙira tana ɗauke da ma'anar biyayya ga jagora. Magoya bayan Peter Obi kuwa, waɗanda suke da yawa a kudu da kogi, da Ingilishi suka gina nasu sunan, ta hanyar cusa sunan gwaninsu cikin kalmar da take nufin mai biyayya.

Ta fuskar aro, an sami kalmomi irin su “fostin” da “sharin” da “bulokin”. Ɗalibi ya lura cewa Hausa ba ta are su a matsayin aikatau ba. Ta mayar da su sunaye, ta jingina su da aikatau “yi”, sai a ce “ya yi fostin” ko “ta yi bulokin ɗinsa”. Ta fuskar faɗaɗa ma'ana kuwa akwai “zaure” da “shafi” da “mabiya” da “ɗora” da “tura” da “goge”. Haka nan kalmar “sak” ta ɗauki ma'anar zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, kishiyarta kuma ita ce “cancanta”.

7.3 Karya Ƙa'idojin Rubutu

Yawancin masu rubutu a waya ba sa sanya haruffa masu lanƙwasa, ba sa kuma kula da rabawa da haɗewar kalmomi. Dubi wannan jimla: “ya bata kuri'a”. Tana iya nufin “ya ba ta ƙuri'a”, tana kuma iya nufin “ya ɓata ƙuri'a”. Ta farko goyon baya ce, ta biyu asara ce. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna wa malami cewa koyar da ƙa'idojin rubutu ba ɓata lokaci ba ne.

7.4 Harshen Jita-jita

Ga wani misali da aka ƙirƙira domin nazari:

“Jama'a a yi hattara! Yanzu-yanzu labari ya iso mana daga majiya mai tushe cewa an kama wata mota maƙare da katunan zaɓe a bakin gada. Sun shirya mana. Don Allah a tura wa kowa kafin su goge.”

Idan aka ƙwanƙwance wannan saƙo za a ga alamomi biyar. Akwai gaggawa: “yanzu-yanzu”. Akwai majiya marar suna: “majiya mai tushe”. Akwai aikatau mai ɓoye mai aiki: “an kama”, ba a faɗi wanda ya kama ba. Akwai wakilan suna masu raba jama'a gida biyu: “su” da “mu”. Akwai kuma umarnin yaɗawa tare da roƙo da sunan Allah. Babu rana, babu sunan gada, babu lambar mota. Abin lura shi ne, wannan saƙo zai yi aiki a kowane ɓangare na kogin ba tare da an sauya masa ko da wasali ɗaya ba, domin kowane mai karatu shi zai cike gurbin “su” da waɗanda yake tsoro.

8.0 Tasiri a Kan Mai Zaɓe: Darasi Daga Zaɓen 2023

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, shin abin da ake yi a waya yana sauya ƙuri'a? Zaɓukan 2023 a Jihar Kaduna sun ba da amsa mai fuska biyu.

Babu tafiyar da ta dogara da kafafen sada zumunta a wannan shekara kamar ta Peter Obi na jam'iyyar Leba, wanda mataimakinsa, Yusuf Datti Baba-Ahmed, ɗan Zariya ne. Abokan hamayya sun riƙa yi mata shaguɓe cewa a intanet kawai take. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, Obi ya sami ƙuri'a 294,494 a Jihar Kaduna, Atiku Abubakar na PDP ya sami 554,360, Bola Tinubu na APC kuma 399,293. Obi ne ya lashe Ƙaramar Hukumar Chikun. A wannan rana ce kuma ɗan takarar Leba, marigayi Ekene Abubakar Adams, ya ci kujerar majalisar wakilai ta Chikun da Kajuru, sannan Donatus Mathew, wanda aka sani da sana'ar acaɓa, ya ci ta Kaura. Wannan ya nuna cewa kafafen suna iya ba jam'iyyar da ba ta da gwamna ko manyan ofisoshi damar haɗa kan matasa, da tura su karɓar katin zaɓe, da tsayar da su a rumfa har a ƙirga ƙuri'a.

Mako uku bayan haka, a ranar 18 ga Maris, aka yi zaɓen gwamna. Ɗan takarar Leba, Jonathan Asake, ya sami ƙuri'a 58,283 kacal. Uba Sani na APC ya ci da 730,002, Isa Ashiru na PDP yana biye da 719,196, wato tazarar 10,806. A wannan karo PDP ce ta lashe Chikun. Wayoyin ba su sauya ba, zaurukan ma suna nan. Abin da ya sauya shi ne lissafin mai zaɓe. Jama'a da dama sun duba wanda yake da damar kayar da jam'iyya mai mulki, sun kuma duba batun tsaro da batun wakilci, musamman tun da APC ta ci gaba da tsarin da Nasir El-Rufa'i ya fara a 2019 na tsayar da ɗan takara da mataimakiya duka Musulmi. Waɗannan batutuwa a ƙasa suke, sun kuma girmi Facebook.

Akwai kuma ma'auni na uku. Mutane fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista a Nijeriya domin zaɓen 2023, amma waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. A Jihar Kaduna masu rajista sun haura miliyan 4, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka kaɗa ƙuri'a. Ke nan yawan hayaniya a waya ba shi ne yawan layi a rumfa ba.

Daga waɗannan alƙaluma ana iya fitar da hukunci kamar haka. Kafafen sada zumunta suna da ƙarfi wajen zaburar da wanda ya riga ya karkata, da haɗa masu ra'ayi ɗaya, da tsayar da batun da za a yi ta magana a kansa, da kuma tsorata mutum ya ƙi fita. Ƙarfinsu yana raguwa idan aka zo batun raba mutum da ra'ayin da ya gina a kan abin da ya gani da idonsa a unguwarsu. Suna hura wutar da ta riga ta kama ne, ba kasafai suke ƙyasta ashana ba.

9.0 Amfani da Illa da Matsayin Doka

Daga cikin amfanin kafafen akwai ba talaka damar yi wa shugaba tambaya, da adana alƙawuran 'yan takara ta yadda za a tuna musu, da ɗaukar hoton takardar sakamako a rumfa. Dokar rage shekarun tsayawa takara da aka sanya wa hannu a watan Mayu na 2018 ta sami ƙarfinta ne daga gangamin da matasa suka yi a waɗannan kafafe.

Illolin kuwa sun haɗa da yaɗa ƙarya da kalaman ƙiyayya da cin mutunci. A farkon 2017 an yaɗa labarin cewa an kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Kwalejin ta ƙaryata, wanda ya wallafa labarin ya janye ya nemi afuwa, amma kafin nan labarin ya riga ya zaga ƙasa. Magana zarar bunu ce. A yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta sa ana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, har karin maganar nan ta “gani ya kori ji” ta fara neman gyara.

Akwai kuma haɗari ga masu magana. A farkon watan Agusta na 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, daga gidansa da ke Barnawa. Malamin jami'a ne wanda ya yi suna wajen sharhin siyasa a kafafen sada zumunta, kuma shekaru suka shuɗe iyalinsa ba su gan shi ba.

Ta fuskar doka, sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda da ita aka gudanar da zaɓen 2023, ya haramta kalaman zagi da masu taɓa addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe. Sashe na 94 kuma ya ce a dakatar da kamfe sa'o'i 24 kafin ranar zaɓe. Sai dai dokar da za a iya aiwatarwa a dandali da gidan rediyo tana da wuyar aiwatarwa a zauren WhatsApp. Akwai kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024 bayan koke-koken cewa ana amfani da ita wajen kama 'yan jarida da masu suka. Gwamnatin Tarayya ta taɓa dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Duk wannan yana nuna cewa doka kaɗai ba za ta magance matsalar ba.

10.0 Aikin da Ke Gaban Malamin Hausa

Yaron da yake aji uku na ƙaramar sakandare a yau, mai zaɓe ne nan da 'yan shekaru. Malamin Hausa yana da damar da sauran malamai ba su da ita, domin shi ne yake koyar da auna fahimta da adabin baka da ƙa'idojin rubutu. Ana ba shi shawarar ya yi waɗannan:

(a) Ya koya wa yara tambayoyi huɗu da za su yi wa kowane saƙo: Wa ya faɗa? Yaushe kuma a ina? Wa ya shaida? Wa zai amfana idan na yarda?
(b) Ya riƙa ƙirƙiro saƙonni irin na sashe na 7.4 a darasin auna fahimta, yara su fito da alamomin jita-jita da kansu.
(c) Idan yana koyar da zambo da habaici da kirari, ya nuna bambancin gwanintar harshe da gaskiyar magana. Waƙa tana iya yin daɗi alhali abin da ta faɗa ƙarya ne.
(d) Ya sanar da su cewa akwai masu aikin tantance labarai, irin su Dubawa da Africa Check.
(e) Ya kame bakinsa daga nuna jam'iyyarsa a aji. A makarantar da ke Kakuri ko Narayi, 'ya'yan “su” da 'ya'yan “mu” a benci ɗaya suke zaune, kuma dukkansu amana ce a hannunsa.

11.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa kafafen sada zumunta ci gaba ne na tsohuwar al'adar neman goyon baya da fatar baki, sai dai sun ƙara mata sauri da nisan zango, sun kuma cire mata mai tacewa. An ga yadda saƙo yake bi ta hannun amintattu kafin ya isa ga mai zaɓe, da yadda rabuwar unguwannin Kaduna ta haifar da rabuwar zauruka. Zaɓukan 2023 sun nuna cewa kafafen suna iya ɗaga ɗan takarar da ba a zata ba, amma hukuncin ƙarshe yana hannun mai zaɓe da abin da ya dame shi a unguwarsu. Tun da harshe ne makamin wannan fage, malamin harshe yana cikin waɗanda alhakin gyara ya rataya a wuyansu.

12.0 Jinga

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin kafafen sada zumunta da gidan rediyo ta fuskar isar da saƙon siyasa.
2. Yi bayanin ra'in tafiyar saƙo mai zango biyu, tare da misalai daga unguwarku.
3. Tattaro kalmomi goma na siyasa da ake amfani da su a kafafen sada zumunta, ka rarraba su zuwa ararru da ƙirƙirarru da masu faɗaɗar ma'ana.
4. Me ya sa ƙuri'un jam'iyyar Leba a Jihar Kaduna suka ragu tsakanin 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023? Me wannan yake nunawa game da tasirin kafafen sada zumunta?
5. Tsara shirin darasi na minti 40 domin aji biyu na ƙaramar sakandare a kan yadda ake gane jita-jita.